Ƙarfi ko Iyawa? Abin da Tarihin Dambe Ya Nuna

Duk inda samari suka haɗa kai bisa waya guda suna kallon dambe, a tashar Gidan Rumji ne ko a ɗakin ɗalibai a Maraɗi, ba a jimawa musu ke tashi. Wannan ya ce ɗan dambe haifarsa ake yi: in Allah bai ba ka ƙashi da tsawon hannu ba, ko shekara goma ka yi kana koyo, ranar da ka gamu da mai su sai ka sha ƙasa. Wancan ya ce ƙarfi ai jaki ma yana da shi, amma ba a taɓa yi masa kiɗa ba. Daga nan kowa ya kama sunan gwaninsa, murya ta yi sama, a watse ba wanda ya saurari wani.

Maganar ta wuce hira, domin akwai ƙannenmu da ke tsallaka iyaka cin rani, su leƙa gidan dambe a Kano ko Abuja, su ji ana zancen kyautar babur da mota, su dubi ƙwanjinsu su ce ai su ma za su iya. Amsar da yaro ya ɗauka a wannan musu ita za ta sa ya nemi ubangida ya koya, ko kuwa ya faɗa fili da ƙarfinsa kaɗai. Shi ya sa ya dace mu ajiye ihu mu tambayi tarihi, namu da na waje. Abin da na fahimta daga tarihin shi ne, ƙarfi ke kai yaro fili, iyawa ke sa ya daɗe a ciki, kuma ba a kiran mutum babban ɗan dambe sai ya daɗe.

Kano, 1824

Ɗaya daga cikin tsofaffin bayanan da aka rubuta a kan damben Hausa ya fito ne daga hannun wani Bature ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a farkon 1824 kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya ji labarin ƴan damben ƙasar Hausa, sai ya ba da wuri 2,000 don a yi masa wasa a ƙofar masaukinsa. Da yake an gaya masa ana mutuwa a wannan wasa, ya kafa sharaɗin kada a yi da gaske. Ƴan damben suka zo da makaɗansu, mahautan gari na biye da su, mutane suka bar kasuwa suka sheƙo kallo. Ya ba da labarin yadda kowane ɗan wasa ke fitowa ya nuna jikinsa ya yi kirari, yadda ake naɗe hannun dama da ƙyalle tun daga yatsu har damtse, da yadda ake kai duka da diddige.

Shi Baturen ya fi ganin abin tsoro a ciki. Mu da muka san wasan, in muka karanta, wani abu ne daban zai ja hankalinmu: shekara ɗari biyu da suka wuce, dambe ya riga ya samu tsari. Akwai yadda ake ɗaure hannu, akwai hannun duka da hannun tsaro, akwai kiɗa, akwai masu sana'ar da wasan ke hannunsu. Faɗan titi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk abin da ke da tsari kuwa, wani ne ya koya wa wani.

Me ya sa mahauta?

A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin dambe shi ne kaka. An yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, ana bukukuwan aure. Lokacin ne mahauta, waɗanda ake kira rundawa, ke bin ƙauyuka da kasuwanni suna yanka suna sayar da nama. Da yamma a buɗe fili, kalangu ya ɗauka, baƙi su kara da ƴan gari. Kalangu dama kiɗan mahauta ne, kuma a garuruwa da dama Sarkin Fawa, ko Sarkin Hwawa yadda muke faɗi a nan, shi ne uban wasan.

Masu cewa ƙarfi ne komai suna da hujja a nan. Sukan ce ɗan mahauci tun yana ƙarami yake kokawa da sa, yana ɗaukar cinya, yana sara da gatari, ga nama yana ci kullum, dole ya fi kowa ƙashi. To amma a duba da kyau. Maƙeri fa? Mai ginar rijiya fa, a ƙasa irin tamu inda ruwa ke da nisa? Manomin da ya wuni a gona tun asuba fa? Babu mai cewa mahauci ya fi waɗannan ƙarfi. Da ƙarfi kaɗai ke yin dambe, da maƙera da masu ginar rijiya sun ƙwace wasan tun tuni. Abin da ya sa ya zauna gidan mahauta shi ne a can sanin yake. Yaro na tashi yana ganin yadda wansa ke tsayuwa, yana riƙe wa babansa zare, yana jin manya na tattauna yadda wane ya faɗi jiya da kuskuren da ya yi.

Akwai wani wasan mahauta da ke ƙara fito da wannan, wato hawan ƙaho. Babu ɗan Adam da ke da ƙarfin bijimi. Wanda ke tarar sa ya faɗa tsakanin ƙahonninsa ya riƙe, lokaci ya sani, ya san daƙiƙar da san zai sunkuyar da kai. In ya yi gaggawa ko ya makara, shi ke nan. Mutanen da suka saba da irin wannan lissafi su ne suka riƙe dambe.

Abin da harshe ya adana

Hausa da kanta ta raba gardamar, in mun saurare ta. Muna cewa wane yana da ƙarfi, yana da ƙashi, yana da tsawo. Duka da “da” ake faɗinsu, kamar yadda ake cewa yana da gona ko yana da akuya, wato abu ne da aka mallaka. Amma ba ma cewa wane yana da dambe. Cewa muke ya iya dambe, da kalmar da muke cewa ya iya ɗinki, ya iya karatu, ya iya tuƙi. A bakin Bahaushe dambe yana layin sana'o'in da ake koyo. Tsoho zai dubi saurayi a fili ya ce, “Wanga yaro shina da ƙarhi, amma bai iya ba tukuna.” Jimla guda, ya raba abubuwan biyu, kuma “tukuna” ɗin nan tana nuna wanda ake jira ya zo daga baya.

Sai kalmomin wasan. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda aka miƙa gaba a buɗe shi ne garkuwa. In an kai mutum ƙasa an ce an kashe shi, in an yi turmi uku ba wanda ya faɗi an ce babu kisa. Kalmomin yaƙi ne, kuma mutanen yankinmu ba baƙin yaƙi ba ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun yi ta gwagwarmaya har suka kafa Tsibiri, Katsinawa kuma suka zauna Maraɗi, aka yi shekaru ana kai hari ana karewa. Wanda ya san wannan tarihi ya san mayaƙin da ke da mashi ba garkuwa ba ya ganin yaƙi na biyu. Masu raɗa wa hannuwan dambe suna sun ba hannun tsaro matsayi daidai da hannun duka.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin sunayen ƴan damben. Saurari sanarwar wasa a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ko a Kano, inda ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramaɗa ke karawa. Za ka ji Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Dogon wane. Ga Garkuwan Cindo, ga Ali Ƙanin Bello. Kashi na farko na sunan yakan faɗi siffar ɗan wasan ko matsayinsa: dogo ne, bahago ne, auta ne. Kashi na biyu yakan jingina shi ga wani, ubangida ko wa ko gidan da ya fito. Ƙaramin harafin nan “n” da ke haɗa su shi ne na mallaka, irin na “ɗan wane”. Ma'ana, da wuya ɗan dambe ya shiga fili da sunansa shi kaɗai. Yana ɗauke da sunan wanda ya ɗaure masa hannu. Al'ummar da ta ɗauka baiwa ce kaɗai ke yin gwani ba za ta damu da wannan salsala ba.

Shi ma Shago, wanda makaɗi Ɗan Anace ya ɗaukaka sunansa har ya zama ba a zancen dambe sai an ambace shi, ba kaka ɗaya ya yi ya ɓace ba. Karawarsa da Ɗandunawa har yau tsofaffi na ba da labarinta daga Sakkwato har Maraɗi. Makaɗi ba ya kashe babbar waƙa a kan yaron da ya yi tashe shekara guda. Sai wanda aka gani bana, aka gani baɗi, ya gamu da dogo da gajere, bahago da badame, ya samo wa kowa magani.

Hannu ɗaya

Wani zai ce, to ai dambenmu ya bambanta da na Turawa. Can ana ƙirga maki har turmi goma sha biyu, mai wayo na iya tsere-tsere ya ci. Nan kuwa kwab ɗaya ake nema, hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an gama. Ga shi a gargajiyance ba a auna nauyi. Ashe nan ba mai ƙarfi ke da riba ba?

Ni ina ganin akasin haka ne. A damben zamani mutum na da makami biyu, yana iya ruɗa abokin karawa da hagu ya kawo dama. A namu kowa a filin, har yaran da ke bisa katanga, ya san hannun da zai kawo duka, ga shi nan a naɗe kowa na gani. Tun da ba a ɓoye makamin, abin da ya rage a ɓoye shi ne lokaci da tazara. Shi ya sa za ka ga gwanaye biyu sun daɗe a tsaye, ƙafafu a buɗe, garkuwa na taɓa garkuwa, ƴan kallo na gunaguni wai sun ƙi yi. Awo suke yi. Hannun gaba shi ne ma'auni: yana gaya maka ko mashinka zai isa, yana tare wa abokin karawa gani, yana ture shi ya ɓata masa tsayuwa. Kuma mashi in ya tashi daga baya ya zagayo, jiki duka ke bin sa. Wanda ya kai duka ya kuskure ya buɗe haƙarƙari da muƙamuƙi, kuma nauyinsa ya riga ya tafi gaba. Da yawan kisan da muke tafa wa a nan ake yinsu: an bar mai ƙarfi ya kawo, an goce, an tare shi yana tahowa. Rabin ƙarfin dukan da ya kashe shi nasa ne.

Haka zancen bahago. Ana shakkar bahago a fili, alhali hagu ba ta fi dama ƙarfi ba. Abin da ke faruwa shi ne badame ya saba da dukan da ke zuwa ta gefe guda, garkuwarsa da ƙafarsa sun koyi wancan gefen. Bahago kuwa kullum da badamai yake karawa, ya saba da su, su ba su saba da shi ba. Ribarsa ta sabo ce, sabo kuwa koyo ne.

Akwai abin da ba za a tsallake ba, wato layu da kambu da guru da ake gani a jikin ƴan wasa. In ƙaramin yaro ya kashe ƙato, abin da ake fara cewa shi ne an dafa shi. Kowa da abin da ya yarda da shi. Sai dai a lura, gocewar da ta kai faɗin yatsa biyu ido ba ya kama ta daga bayan taro. Abin da ido bai gani ba, baki yakan kira shi asiri ko baiwa, alhali wataƙila shekara bakwai aka yi ana gyara shi a bayan gida.

Dabore da Tiger

A Nijar, kokowa ce gwamnati ta ɗauka ta raya. A 1975, zamanin Saini Kunce, aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, kuma ɗan jihar Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin. Filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Dambe bai samu wannan gata ba, ya zauna a hannun mahauta da filayen ƙauye. Duk da haka, lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu da dunƙulen hannu aka samo ta.

Isaka Dabore shi kaɗai ya wakilci Nijar a Tokiyo a 1964, karon farko da ƙasar ta je gasar. Ya dawo ba lamba. Ya koma Meziko a 1968, nan ma ba lamba. Sai a Munik a 1972, zuwansa na uku, yana da shekara 32, ya kai wasan kusa da na ƙarshe ya samu lambar tagulla. A damben masu son kai, wato waɗanda ba kuɗi suke yi wa ba, shekara 32 tsufa ne, yawancin abokan karawarsa samari ne. Ba mai cewa jikinsa ya fi sauri a 1972 bisa 1964. Abin da ya ƙaru a shekara takwas ɗin nan sanin fili ne. Nijar ba ta sake ganin wata lamba ba sai bayan shekara 44, da Abdurrazak Isufu Alfaga ya samo azurfa a wasan taikwando a Riyo a 2016.

Maƙwabtanmu ma suna da irin wannan labari. Dick Tiger, ɗan ƙabilar Ibo da aka haifa a 1929, ya tafi Ingila a 1955 da suna mai kyau daga gida da jiki kamar an sassaƙa. Wasanninsa huɗu na farko a can duka ya faɗi. Ƙarfin da ya ishe shi a gida bai ishe shi a can ba. Ya zauna ya gyara, a 1958 ya ci kambun ƙasashen rainon Ingila, ya wuce Amurka, a 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya na matsakaicin nauyi yana da shekara 33. A watan Agusta na 1963 ya sake doke Fullmer a filin Liberty na Ibadan. A 1966, yana da shekara 37, ya hau ajin da ke sama ya ƙwace kambu daga hannun José Torres. Da an yanke masa hukunci da wasanni huɗun farko, da an ce ba shi da baiwa.

Mutum ɗaya, dare biyu

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na George Foreman, domin shi kaɗai ya tsaya a ɓangarorin musun biyu. A ranar 30 ga Oktoba 1974, a Kinshasa ta ƙasar Zayar, ya shiga fili yana da shekara 25, ya yi wasa 40 bai taɓa faɗuwa ba, 37 daga ciki kisa ne. Joe Frazier da Ken Norton, mutum biyun da suka taɓa doke Muhammadu Ali, kowannensu turmi biyu ya yi a hannunsa. Frazier ma sau shida ya kai shi ƙasa a Jamaika a 1973. Ali kuwa shekararsa 32, kuma an hana shi wasa daga 1967 zuwa 1970 saboda ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, ƙafar da yake rawa da ita a da ta yi nauyi. Masana da yawa tsoro suke kada a illata shi.

Ali ya san ba zai iya tsere wa Foreman turmi goma sha biyar ba. Sai ya jingina da igiya, ya rufe fuska da haƙarƙari, ya bar shi yana ta jibga, yana raɗa masa maganganun tsokana, yana saka masa da gajerun duka a fuska duk lokacin da ya samu kafa. Foreman bai saba wasa ya yi nisa ba, bai taɓa buƙatar tattalin numfashi ba. Kafin turmi na takwas hannuwansa sun zama kaya. Ali ya fito daga igiya ya haɗa masa duka, ƙato ya zube. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

Foreman ya bar dambe a 1977, ya koma wa'azi, ya dawo a 1987 da tumbi, mutane na dariya. A ranar 5 ga Nuwamba 1994, yana da shekara 45, ya kara da zakaran duniya Michael Moorer, bahago ɗan shekara 26 da bai taɓa faɗuwa ba. Turmi tara Moorer na gaba a maki. Foreman bai yi gaggawa ba, bai zubar da ƙarfinsa ba, ya yi ta auna shi da hannun gaba har saurayin ya saki jiki ya tsaya a gabansa. A turmi na goma ya sauke masa dama guda a haɓa. Kambun da ya ɓata a Kinshasa ya dawo bayan shekara ashirin.

Masu ra'ayin ƙarfi za su ce, ka gani, dukan nan ai baiwa ce, ita ce ba ta tsufa. Gaskiya ne, kuma ba a musu. Amma dukan yana nan a 1974, ya ma fi haka nauyi, ga ƙuruciya, kuma ya faɗi. A 1994 ba sauri, ba ƙuruciya, ya ci. Abin da ya shigo tsakani shi ne haƙuri da sanin lokacin da za a saki hannu.

Wa ke cin ribar kalmar “baiwa”?

Akwai dalilin da ya sa ya kamata mu, ƴan Afirka, mu yi hattara da wannan kalma. Ɗan Afirka na farko da ya ci kambun duniya shi ne Battling Siki, haifaffen Sen Luwi ta Senegal, wanda ya yi wa Faransa yaƙin duniya na farko har ya samu lambar yabo. A ranar 24 ga Satumba 1922, a birnin Faris, ya buge Georges Carpentier, gwarzon da Faransawa ke ji da shi, a turmi na shida. Alƙalin wasa ya fara cewa Siki ya yi taɗiya, ya ba Carpentier nasara, sai da ƴan kallo suka tayar da ƙura aka mayar masa da haƙƙinsa. Jaridun lokacin suka yi ta kwatanta shi da namun daji, wai ƙarfin jeji ne ya rinjayi ilimin Bature. Alhali mutumin ya yi shekaru yana dambe a Turai, ya yi wasanni masu yawa kafin wannan rana, kuma a birnin bakin teku aka haife shi, bai san jeji ba.

In aka ce nasararka baiwa ce kawai, an yabe ka a baki, an ƙwace maka wahalar da ka sha. An ce jikinka ne ya yi, kanka bai yi komai ba. Abin da aka yi wa Siki ke nan, kuma shi muke yi wa ɗan mahauci in muka ce ai su haka Allah ya yi su. Mun share ubangidansa, mun share shekarun da ya yi yana riƙe zare, mun mai da sana'a ta zama halitta.

Haƙƙin ƙarfi

Kada a ce na raina jiki. Akwai abubuwan da ba malamin da zai ba ka: tsawon hannu, saurin ido, muƙamuƙin da ke shan duka bai girgiza ba, da zuciyar da ke sa mutum ya tashi in ya ji kalangu na kiran takensa. Ali kansa, kafin wayo, yana da saurin da ba a saba gani ga mai nauyinsa ba, kuma dabarar Kinshasa ba za ta yi wa wanda haƙarƙarinsa ba ya jure duka aiki ba. In gwanaye biyu sun yi daidai a sani, mai jiki zai ci. Wanda ba shi da komai a jiki, koyo zai mai da shi mai kare kansa, ba zai mai da shi Shago ba.

Sai dai masu jiki suna da yawa. Kowace kaka, daga Cadakori zuwa Gidan Sori, daga Agye zuwa Gazawa, ana samun saurayin da ake cewa ba a taɓa ganin irinsa ba. Bayan shekara uku ka tambaya, an manta sunansa. Wanda ya dogara ga ƙarfi yana karɓar duka biyu don ya ba da ɗaya, kuma zaren nan ba safar hannu ba ne, ba ya tausaya wa ido ko haƙori ko ƙwaƙwalwa. Jiki kuwa yana da iyaka, daga shekara talatin ya fara karɓar abin da ya ba da aro. Sani shi ke ƙaruwa a lokacin da jiki ke raguwa, kuma shi kaɗai ake iya miƙa wa na baya. Ba wanda ya taɓa bar wa yaronsa gadon tsawon hannu, amma ana barin tsayuwa da gociya da sanin tazara, shi ya sa sunan ubangida ke biye da yaro har fili.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ƙanenka ya ce zai sa zare, kada ka tsaya duban ƙwanjinsa. Tambaye shi shagon wa zai zama, wa zai tsaya a bayansa, wa zai ce masa yau ba za ka kara da wancan ba don ya fi ka. In kuma kana kallo a waya, gwada sau ɗaya ka ɗauke ido daga hannun zare ka dubi ƙafafu da garkuwa, za ka ga wasan da ba ka taɓa gani ba.

Mu ɗalibai kuma akwai aikin da ke jiranmu. Kokowa tana da jerin sunayen waɗanda suka ɗauki takobi tun 1975, damben yankinmu kuwa yana cikin kawunan tsofaffin mahauta da makaɗan kalangu, kuma kullum raguwa suke. Kowannenmu na da waya mai ɗaukar murya. Hutu mai zuwa, wanda ya je Tsibiri ko Saye Sabuwa ko ƙauyensu ya nemi Sarkin Fawa, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambaye shi sunayen duka da na gociya, da yadda ake naɗa zare, da wa ya koya wa wa. A rubuta da lafazin da aka faɗa, kada a gyara shi zuwa Hausar Kano. In mun haɗa abin da muka samo, sai mu ware masa fitowa guda ta wannan ɗan littafi.